Daga Lambun Sarkin Faransa Zuwa Dutsen Sukur: Abin Da Muka Gano



Tun da muka dawo daga Sukur mutane ke tare mu a kasuwa da bakin masallaci, wai me ya kai mu hawan dutse da girmanmu, kuma da kuɗin wa aka yi tafiyar. Tambaya ta biyu amsarta gajeriya ce: kowa da aljihunsa ya je, ba a taɓa ko sisi a asusun ƙungiya ba, ma'aji yana nan da littafinsa ga mai son dubawa. Ta farkon ce ke buƙatar dogon bayani, shi ya sa shugaba ya ce mu rubuta mu ɗora a shafin nan, domin wanda bai je ba shi ma ya samu rabonsa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Maganar ta faro ne daga wasu hotuna. Ɗan wani mambanmu, wanda ya yi karatunsa a Kamaru daga baya ya samu gurbin ƙaro ilimi a Faransa, shi ya turo su zauren ƙungiya na WhatsApp. Ya kai ziyara wata tsohuwar fadar sarakuna da ke bayan birnin Paris, wadda Faransawa ke kira Bersai, a rubuce kuma Versailles. Cikin ginin bai dame shi ba, lambun fadar ya yi ta ɗauka. Ga itatuwa a jere kamar an ja su da zare, ga shingen ganye an yi masa aski daidai wa daida, ga furanni an zana su a ƙasa kamar aikin wuyan babbar riga, ga ruwa yana tashi sama daga bakin gumaka. Akwai wani tafki da aka haƙa da hannu, miƙaƙƙe sak, tsawonsa ya fi kilomita ɗaya da rabi.

Ya haɗa da saƙon murya yana bayani. Sarki Luwi na 14 ne ya sa aka fara aikin a shekarar 1661, ya damƙa shi a hannun wani gwanin tsara lambu mai suna Andre Le Notre. An shafe shekaru kusan arba'in ana yi. Wurin da can fadama ce da daji, sai da aka kwashe ƙasa daga nan aka cike can, aka ɗauko manyan itatuwa daga wasu yankuna aka dasa. Filin lambun da dajin da ke kewaye da shi ya kai hekta 800. Har itatuwan lemu ake ajiyewa a cikin akwatunan katako, in sanyi ya shigo a kai su ɗaki, in ya wuce a fito da su.

Ranar zauren bai yi barci da wuri ba. Wani ya ce wannan ai aljannar duniya ce. Wani ya ce Turawa sun gama da duniya, mu kam sai kallo. Mu ma da ke rubutun nan mun sa namu, ba za mu ɓoye ba, mun ce ko shekara dubu za a ba mu ba za mu iya irin wannan ba.

Da aka zo taron wata, bayan an karanta rahoton zaman baya, sai dattijon ƙungiya, tsohon malamin firamare da ya koyar da rabinmu, ya nemi izinin magana. Ya ce jikarsa ta nuna masa hotunan, kuma lallai wuri ya yi kyau. Sannan ya ce, "To ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa hawa Sukur?" Mu kusan arba'in ne a zaune. Hannu biyu suka tashi, ɗaya direba ne da ya taɓa kai fasinja gindin dutsen, bai ma hau ba. Baba Malam ya ce, "Hukumar da ta sa fadar Faransa a jerin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta sa Sukur. Ga shi nan a jiharku, a kan duwatsun da kuke gani kullum in kun buɗe ƙofa. Kun san sunan mai tsara lambun Sarkin Faransa, ba ku san hanyar gidan maƙwabcinku ba."

Babu wanda ya amsa masa, don gaskiya ya faɗa. Hukumar UNESCO ta sa Bersai a jerinta a 1979. Sukur kuma a 1999, a taron da aka yi a Marakesh ta ƙasar Maroko, kuma shi ne wuri na farko a duk Najeriya da ya shiga jerin. Yana Ƙaramar Hukumar Madagali, a kan duwatsun Mandara, wato jerin duwatsun nan da suka raba mu da Kamaru, waɗanda Sahuda ke zaune a gindinsu. Abin da aka karrama a wurin ya haɗa fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, da gonakin da ke kewaye da ita, da hanyoyin dutse, da ƙauyukan, duka a matsayin abu guda. Faɗinsa ya haura hekta 700, kusan kai ɗaya da lambun da muke ta yi wa kirari.

Ba a tashi taron ba sai da aka yanke za a je. An yi muhawara kam. Wasu sun kawo maganar tsaro, kuma suna da hujja, kowa ya san abin da yankin Madagali ya gani. Sai muka tuntuɓi 'yan uwa da ke zaune a Gulak, suka ba mu shawarar mu iso da hantsi mu sauko kafin la'asar, haka kuma muka yi. Wasu kuma suka ce sun ji akwai wuraren tsafi a kan dutsen. Limaminmu ya ce masu ba bauta za mu je yi ba, aikin hannun mutane za mu je gani mu ɗauki darasi, kuma mu girmama mutanen wurin kamar yadda muke so a girmama mu in an zo mana. Shi da kansa ya rubuta sunansa a farkon takarda.

Mu goma sha takwas muka tashi bayan sallar asuba a ƙarshen hunturu, har da mata huɗu da ɗalibai uku. Muka ratsa Mubi, muka bi ta Uba da Bazza da Michika har Gulak. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san ba a rasa ganin tabon 2014 a jikin wasu gine-gine. Hirar mota ta yi sanyi a wasu wuraren, don kusan kowa a cikinmu yana da labarin watan Oktoba na shekarar, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a suka yi ta kwarara ta garinmu da ƙafa suna neman tsallakawa Kamaru, mu ma muka bi su da abin da hannu ya iya ɗauka.

Garin kashi biyu ne, kuma da Hausa ake kiransu: Sukur Ƙasa da Sukur Sama. Mota iyakarta ƙasa. Aka haɗa mu da wani matashi ɗan garin da zai yi mana jagora, yana jin Hausa sosai. Shi ya gaya mana su da bakinsu Sakun suke kiran kansu da harshensu. Ya dubi takalman wasunmu ya yi murmushi, ya ce mai sau-ciki ya riƙe shi a hannu in ya ga dama.

Abin da ya fara kama mu hanyar ce. Mun zaci za mu yi ta rarrafe ne tsakanin duwatsu irin na masu neman itace. Sai ga hanya shimfiɗaɗɗiya, an jera fala-falan duwatsu ɗaya gefen ɗaya, tun daga ƙasa har sama, inda gangaren ya yi tsanani an yi matakala. Babu siminti, babu kwalta. Ƙafafun mutane sun goge duwatsun har sun yi santsi. Jagora ya ce a tatsuniyarsu wasu ƙattai ne suka shimfiɗa ta. Ma'ajinmu, wanda birkila ne, ya tsuguna ya shafa gaɓar duwatsu biyu ya ce shi dai ya ga hannun mutum a nan, mutumin da ya san inda ruwa zai bi in an yi sama.

Hawan ya ɗauke mu kusan awa biyu saboda hutu. Dutsen ya kai mita dubu daga doron teku. Mata 'yan garin suka riƙa wuce mu da kaya a ka suna yi mana sannu, muna haki muna amsawa. Baba Malam da sandarsa bai yarda an riƙe shi ba. Ɗaya daga cikin matanmu ta ce masa, "Baba, ku zauna mu je mu kawo maku labari." Ya ce ai shi ya ɗauko maganar, ba zai tsaya a rabin hanya yara su yi masa dariya ba.

Da muka kai wani lanƙwasa muka juya baya, nan ne kowa ya yi shiru. Gangaren dutsen gaba ɗaya an yanka shi hawa-hawa, kamar matakalar bene da ba ta da iyaka. Kowane hawa ɗan fili ne na noma, wani faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, a bakinsa an jera dutse ya tare ƙasa. Layukan suna bin jikin dutsen, in ya lanƙwasa su lanƙwasa, daga wannan kwari zuwa wancan. Rani ne, an girbe dawa da gero da wake, saboda haka zanen duwatsun ya fito fili. Jefi-jefi ga itatuwa a tsaye cikin gonakin, an sassabe rassansu an bar su su sake tohowa. Ɗalibar da ke tare da mu ta ciro waya ta buɗe hoton Bersai ta ɗaga shi gefen abin da muke kallo. Na can layinsa miƙaƙƙe ne, na nan mai lanƙwasa. Amma duk biyun ka gani ka san ba haka Allah ya bar ƙasar ba, mutane ne suka zauna suka tsara ta.

Fadar Hidi tana sama, gonakin suna gangarowa daga gare ta. Katangarta dutse ne a kan dutse, an tsara su har sun fi tsayin mutum ba tare da laka ba. A bakin ƙofofi akwai dogayen duwatsu a tsaye. Muka yi gaisuwa ga dattawan da muka tarar kamar yadda ake yi a kowace fada, suka yi mana maraba, suka ce baƙi daga Turai sun zo, daga Legas sun zo, amma maƙwabta ba su cika zuwa ba. Wannan magana ta shige mu. Aka zaga da mu wurin zaman shawara da shari'a, da rumbuna, da masussuka. Aka nuna mana turken sa, wani rami kewayayye da aka gina da dutse, rabinsa a cikin ƙasa, inda ake ajiye sa ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba. Takinsa kuma gona ake kaiwa.

Jagora ya kai mu inda ake narka tama a da. Bayan ruwan sama mata kan tara wani baƙin yashi a cikin rafuka, shi ake narkawa da gawayi a fitar da ƙarfe. Da wannan ƙarfe Sukur ta yi suna da arziki, fatake suna zuwa saye har daga Borno, maƙera suna ƙera fartanya da gatari. Sana'ar ta mutu wajen shekarun 1960, da ƙarfen tsofaffin motoci ya cika kasuwa. Wani cikinmu ya tambaya, to mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙona gawayi, ya aka yi itace bai ƙare masu ba? Jagora ya nuna itatuwan da muka gani a gonaki, ya ce reshe ake sara, ba a taɓa gindi. Mu da buhun gawayi ke fita daga yankinmu kullum, babu wanda ya ce uffan.

Ba daɗi kaɗai wurin ya gani ba. Tsakanin 1912 da shekarun 1920 Hamman Yaji na Madagali ya yi ta kai hare-hare kan mutanen duwatsun nan yana kama bayi, har da Sukur, kuma shi da kansa ya sa an rubuta hare-haren a littafin ajiyar labarinsa. Turawa sun sauke shi a 1927. Jagora ya faɗi wannan a gabanmu ba tare da ɗaga murya ba, mu ma muka saurara, don tarihi ne kuma ya faru. Sai kuma Disambar 2014, wata biyu bayan tamu masifar, 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka ƙona gidaje da rumbuna, wutar ta taɓa har fada. Jinka ta ci wuta, dutse ya tsaya. Da mutane suka dawo suka sake rufi, suka koma gona.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa a hanyar saukowa muka gamu da shi. Wani tsoho ne a gonarsa shi da jikansa, wani sashe na jeren dutsen ya zube, suna mayarwa. Tsohon yana ɗaukar dutse ya jujjuya shi a hannu, ya gwada nan, in bai zauna ba ya gwada can, yaron yana cusa ƙanana a tsakani yana turo ƙasa ta baya. Baba Malam ya yi masa sallama, ya sa jagora ya tambaye shi, "Baba, wa ya gina wannan?"

Tsohon ya yi dariya. Ya ce wanda ya fara ɗora dutsen shi bai san shi ba, kakansa ma bai san shi ba. Abin da ya sani, wannan dutsen da ke hannunsa ya ga mahaifinsa ya mayar da shi, shi ma ya mayar da shi ba sau ɗaya ba. Ruwa na ture shi, shanu na ture shi. Kowace shekara kafin shuka sai an bi layi-layi an gyara. Sannan ya nuna kwari da haɓarsa ya ce, "In na bar shi damina biyu, gonar nan tana can ƙasa wurinku."

Ma'aji ya tuɓe hula ya sa hannu, ɗalibai suka bi shi. Tsohon ya bar su suka jera kamar taku uku, sannan ya zo ya cire rabi ya sake zaunar da su, ya nuna masu cewa dutsen sai ya ɗan jingina ga tudu, kuma a bar ƙananan kafofi. Amfanin jeren shi ne ya karya gudun ruwa. Ruwan da zai kwaranyo da ƙarfi ya kwashi ƙasa, sai ya tsaya a kowane hawa ya nutse, abin da ya yi saura ya tsiyaye ta kafofin a hankali. Ƙasa ta zauna, taki ya zauna, danshi ya daɗe. Birkilan da ya yi shekara ashirin yana gini ya ce yau ya koma ɗan koyo.

Da daddare bayan mun iso gida muka tura namu hotunan a zaure. Yaron da ke Faransa ya kira mu. Muka ba shi labarin tsohon, sai ya ce, "Kawu, ai abin da ban ɗauka a hoto ba ke nan." Ya ce ranar da ya je, ko'ina ya duba akwai ma'aikata da almakashi da baro da tsani, shi ne ya riƙa kauce masu don kada su ɓata masa hoto. Ya ce shingen nan da muka gani kamar an ja da zare, in aka bar shi shekara ɗaya ba aski ya zama kurmi. Itatuwan ma ba na zamanin Luwi na 14 ba ne, kusan duk bayan shekara ɗari sai an sare tsofaffi an sake dashe, an yi haka a zamanin Luwi na 16 wajen 1775. Ruwan ma tun asali bai taɓa isa ba, har wani ƙaton inji aka gina a bakin kogin Sen don turo shi, duk da haka ba a iya kunna maɓuɓɓugan gaba ɗaya, sai a buɗe wanda sarki zai wuce ta gabansa a rufe na baya.

Ya ƙara mana da wani abu. A ranar 26 ga Disamba 1999, makonni kaɗan bayan an sa Sukur a jerin duniya, guguwa ta afka wa Bersai ta kayar da itatuwa sama da dubu goma. Aka buɗe asusu, mutane daga ƙasashe daban-daban kowa ya ɗauki nauyin itace, aka sake dasawa. Lambun da ya ɗauko mana a hoto, da yawan itatuwansa ba su girme shi ba.

Akwai bambanci tsakanin wuraren biyu, kuma bai kamata mu rufe ido a kai ba. Na Faransa an yi shi ne don sarki ya nuna isa, da harajin talakawa da gumin dubban leburori da sojoji, da yawa sun mutu a wurin aikin. A watan Oktoba na 1789 talakawan Paris, mata a gaba, suka tako har fadar saboda tsadar burodi, suka tasa sarki zuwa birni, bai sake kwana a cikinta ba. Na Sukur kuwa abinci ake nomawa a ciki, mai gyaran shi ne mai ci. Amma ta fuskar abin da ya hana su lalacewa, amsar ɗaya ce: akwai wanda ke dawowa kowace shekara ya gyara.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu da ke riƙe da littafin taro mun koma mun buɗe shi. Sau uku a cikin shekara shida ƙungiyar nan ta yanke shawarar dashen itace. Sau ɗaya aka aiwatar. Kun tuna ranar: mun sayo dashen dogon yaro da mangwaro guda ɗari biyu, mun yi hayar rumfa da kujeru, an yi jawabai, an sha lemo, an ɗauki hotuna, suna nan a shafin nan in kuka gangara ƙasa. Kuɗin rumfa da lemo ya fi na dashen. Ba mu rubuta sunan ko mutum ɗaya da zai yi ban ruwa ba, ba mu yi kewaye ba. Makon jiya muka je muka ƙirga. Goma sha ɗaya ne suka rayu. Bakwai daga ciki suna bayan masallaci, inda ladan ke juye masu ruwan alwala safe da yamma, ya kuma kewaye su da ƙaya da hannunsa ba wanda ya sa shi. Sauran awaki da rani sun raba.

Laifin nan namu ne mu shugabanni kafin ya zama na kowa, mu muka tsara bikin, mu muka manta da washegari. Kuma sakamakon yana gabanmu. Tudun da ke bayan maƙabarta, wanda da yawanmu muka yi wasa a inuwarsa muna yara, yau babu itacen kirki a kansa. Kowace damina ruwa na gangarowa da gudu, kwazazzabon da ya buɗe ya kusa katanga, tsakaninsa da kaburburan farko bai fi taku goma sha biyar ba. Iyayenmu ne a kwance a wurin. Ƙasar da ruwa ke kwasa daga tudunmu kuma ba ɓacewa take ba, rafi take bi ta cike shi, in ya cika ya shiga gidajen mutanen da ke ƙasa da mu.

Abin da ya ƙara ba mu kunya, ba sai an je Madagali za a ga jeren dutse ba. Maƙwabtanmu da ke noma a kan duwatsun da ke kewaye da Sahuda sun iya shi tun kaka da kakanni. Muna sayen wakensu da gyaɗarsu ranar kasuwa, ba mu taɓa cewa su koya mana ba, wasunmu ma kallon aikin ƙauye suke yi masa.

Saboda haka a zaman da aka yi bayan dawowarmu an amince da abubuwa huɗu, mun kuma rubuta su da sunayen masu alhaki.

Na farko, kafin ruwan farko za mu jera dutse layi-layi a tudun bayan maƙabarta, daga sama zuwa ƙasa. Mun je mun roƙi dattawa biyu daga cikin maƙwabtanmu na kan dutse su tsaya a kan aikin, sun amsa, kuma za a biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan kowane gwani.

Na biyu, bana itace sittin kawai za mu dasa. Kowane itace da gidan da zai riƙe shi, ban ruwa da kewaye har rani biyu. Sunan gidan zai shiga littafi. Wanda ya san ba zai iya ba kada ya karɓa, babu wanda zai zarge shi.

Na uku, babu rumfa, babu jawabi, babu lemo. Hoto kuma sai bayan shekara, ranar ƙirga, a ɗauki wanda ya rayu da wanda ya mutu a ɗora a nan kowa ya gani.

Na huɗu, duk shekara a ƙarshen rani za a ware Asabar ɗaya ta gyara, ta shiga tsarin ƙungiya kamar taron wata, ko mu muna nan ko ba ma nan. Kuma in hanya ta yi lafiya za mu kai 'yan makaranta Sukur, su hau da ƙafarsu.

'Yan uwa da ke Yola da Kano da Abuja da ƙasashen waje, ba kuɗin biki muke nema ba. Mai hali ya taimaka da baro, shebur, diga, ko waya ta kewaye. Yaron da ya turo mana hotunan ya riga ya ɗauki nauyin itace biyar, ƙannensa za su yi ban ruwa, ya ce in ya dawo zai zo ya duba.

Gayyar farko ranar Asabar mai zuwa ce bayan sallar asuba, mahaɗa ƙofar maƙabarta. Kowa ya zo da abin aikinsa da ruwan shansa. Iyayenmu mata sun ce kunu na wuyansu. Baba Malam ya ce zai zo da kujerarsa ya zauna a kan tudu, yana rubuta sunan wanda ya makara.

 Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni,
Sahuda.